Yadda Ake Nemo Robar Haidirolik ta Tsohuwar Tarakta

Da dama daga cikin taraktocin da ke yi wa manoman Beji haro da huɗa sun girmi direbobinsu. A kan hanyar nan ta Minna zuwa Zungeru za ka ga Massey Ferguson 375, ka ga 165 wadda aka daina ƙerawa tun 1975, jefi-jefi ka ci karo da Steyr ɗin da aka harhaɗa a Bauchi ko Fiat ta Kano. Injinansu suna da juriya. Abin da ya fi zaunar da su sau da yawa zoben roba ne ɗan ƙarami, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma idan ya mutu garma ba ta tashi. Abin takaici ne a ga tarakta a jibge cikin watan Mayu, ruwa ya sauka, manoma na jiran layi, saboda an sayo robar da ba tata ba.

Kafin a taɓa sifana, a fara gano inda man yake gudu. Alamar da aka saba gani ita ce direba ya ɗaga haro, ya kashe inji, jim kaɗan haro ya kwanta ƙasa. Ko kuma hannuwan ɗagawa su riƙa zabura kamar mai shaƙuwa. A Massey, famfon haidirolik yana nutse a cikin man giya, silindar ɗagawa kuma tana manne a ƙarƙashin murfin da kujerar direba ke kai, don haka yoyon yana iya zama na ciki, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Sai a cire zagayayyen murfin gefe na dama, a tayar da inji, a ɗaga kaya mai nauyi, a haska tocila. Idan mai yana zubowa daga bakin silinda, zobban fistin ne. Idan yana tsartuwa daga bututun da ke kai mai sama daga famfo, robobin bakinsa ne. Idan kuwa man ƙasa ne ke tafasa kusa da famfo, bawul ne, kuma sauya roba ɗari ba zai yi magani ba. Ido kawai ake sa wa a nan. Hannu ba ya shiga inji na aiki, kuma kowa ya nisanci ƙarƙashin haro. Matsin man ya haura kilo 150 a kan murabba'in santimita ɗaya, yana iya huda fata.

Da an gano wurin, a sauke kaya ƙasa, a wanke bayan tarakta tas kafin a buɗe. Murfin sama yana da nauyi, aikin mutum biyu ne. A shimfiɗa buhu mai tsabta, a jera kowane abu yadda ya fito, a ɗauki hotonsa da waya. Wasu zobban suna da abokin zama, wani siririn zobe mai tauri da ke tokare su don kada matsi ya cusa roba cikin tsaga. Yaran gareji sukan yar da shi a zaton datti ne, alhali in babu shi sabuwar roba ba ta daɗewa.

Yanzu sai awo, kuma a nan yawancin mutane ke faɗuwa. Tsohuwar roba ba abar dogaro ba ce: shekaru da zafi sun baje ta, ko mai ya kumbura ta. Ƙarfe ake aunawa. A samu kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu, a auna faɗin ramin da robar ke kwanciya, da zurfinsa, da kaurin fistin, da bakin silinda, a rubuta a takarda. Sannan a tuna asalin taraktar. Tsofaffin Massey na masana'antar Coventry a Ingila da inci aka ƙera su, Fiat da Steyr kuwa da milimita. Kaurin zobban inci yana zuwa ne 1.78, 2.62, 3.53 ko 5.33 idan aka mayar da shi milimita, na milimita kuwa 2, 2.5, 3 da sauransu. A tafin hannu, zobe mai kauri 2.62 da mai 3 kusan ɗaya suke. A cikin rami kuwa, siriri zai bar mai ya wuce, mai kauri zai yage wurin turawa. Wanda ya dace shi ne wanda ya ɗan ɗara bakin rami kaɗan, yadda zai matsu idan an haɗa. Sil ɗin bakin shaf ya fi sauƙi, don galibi akwai lambobi uku a jikinsa, misali 35-52-7: kaurin shaf, faɗin gida, da tsayin sil ɗin. A goge shi da kyau a karanta kafin a ɓamɓaro shi da sukudireba. A kuma kwafi lambar da ke kan ɗan farantin jikin taraktar, domin samfuri ɗaya yakan canza fistin daga shekara zuwa shekara. Na da suna da zobban ƙarfe uku, na baya suka koma roba.

Girma kaɗai bai isa ba, sai an san irin robar. Wadda ta dace da man giya ita ce nitril, ana rubuta NBR a ledarta, tana jure zafi har wajen digiri 100. Viton ta fi ta jure zafi, ta fi ta tsada, kuma a ganina ɓarnar kuɗi ce a wannan wuri. Wadda za a guje wa ita ce EPDM, robar famfon ruwa da man birki. Baƙa ce ita ma, ido ba ya bambanta su, amma da ta sha mai sai ta kumbura ta yi laushi. Idan ana shakka, a jefa guda ɗaya cikin gwangwanin man giya ta kwana biyu, a gwada ta da 'yar'uwarta busasshiya.

Sai kasuwa. A tafi da takardar awo, da tsohuwar roba, da fistin ɗin kansa a naɗe cikin tsumma. A fara da masu kayan gyara na cikin Minna, kuma kada a tsaya kan shagon kayan tarakta kawai. Masu sayar da kayan tifa da katafila sukan ajiye akwatin zobba na inci da na milimita. Mai shago zai iya miƙo maka ɗaya ya ce, "Maigida, wannan zai shiga." Amsar ita ce, "To Alhaji, bari mu gwada shi a kan fistin." A lanƙwasa robar a gaban haske: idan ƙananan tsaga suka bayyana, ta tsufa a kanta, a mayar. A shafa gefenta, mai kyau ba ta da tsinin da ya rage daga wurin zubi. Idan Minna ta gaza, sai a buga waya Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, ko Nnewi, a tura hoto da awo ta WhatsApp, a sa kaya a motar haya. Masu Massey suna da sa'a, domin kamfanin Millat a Pakistan da TAFE a Indiya sun ci gaba da ƙera irinta, kamfanoni irin su Sparex kuma suna yin cikakken saiti a leda ɗaya. Mai Steyr ko Fiat zai fi dogara ga awo. Kayan Baljiyam, wato na hannu, suna da rana idan ƙarfe ake nema, amma roba ta hannu ba abar saye ba ce ko da kyauta. Yanka doguwar roba a liƙe bakinta da gam yana iya riƙe murfin da ba ya motsi, ba dai fistin ba.

Kafin a ɗaura, a sa farce a shafa cikin silinda. Idan farce ya maƙale a wani zane, wannan zanen zai cinye sabuwar roba cikin 'yan kwanaki. Ƙaramin karce samfefa mai laushi tana share shi, mai zurfi sai an sauya silinda. A jiƙa roba da man da za ta zauna a ciki, a zura ta da yatsa ba tare da ta murɗe ba, a nesa da duk wani abu mai kaifi. A juye tsohon man giya a duba shi: idan ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, galibi ta yagaggiyar robar sandar giya, sai a sauya ita ma. A wanke matatar famfo, a sa sabon gaskit, a zuba sabon mai, wanda yakan haura lita 20.

Daga nan a tayar da inji ya yi ɗumi, a ɗaga hannuwa a sauke su sau da yawa babu kaya don iska ta fita. Sannan a rataya haro, a ɗaga shi, a kashe inji, a auna tsayinsa daga ƙasa da sanda, a dawo bayan rabin awa a sake aunawa. Duk wannan aikin na watan Fabrairu ne ko Maris, lokacin da ake da sararin jiran saƙo daga Kano. In an dace da girman, a sayi saiti biyu, a ɗaure na biyun a leda tare da takardar awon, a ajiye shi a ɗaki inda rana da zafin inji ba sa kaiwa.