Tabaran kasuwa ko gwajin asibiti?

Ni tela ce, shekarata 44. Tun bara zura zare a allura ya soma gagarata, sai na kira 'yata ta zura min. Saƙon waya ma sai na miƙa hannu can nesa kafin in iya karantawa. Na sayi tabarau a wajen masu talla, ya ɗan taimaka, amma da yamma kaina yakan yi ta sarawa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya makance kafin rasuwarsa, alhali bai taɓa kukan ciwon ido ba. Maigida ya ce girma ne kawai, ƙawata kuma ta ce in je wani shago da ake gwaji kyauta. Ina zan dosa?

Maman Abba, Fagge, Kano

Maman Abba, Allah ya jiƙan Baba.

Maigida yana da gaskiyarsa. Daga shekara 40 ido kan rage ganin abin da ke kusa, kuma tabarau na gyara wannan. Sai dai na kasuwa ƙarfinsa ɗaya ne dama da hagu, idanun mutum kuwa ba lalle su zo daidai ba. Wataƙila daga nan ciwon kan yake.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne zancen Baba. Akwai cutar glakoma, wadda ake kira hawan jinin ido. Tana cinye jijiyar gani a hankali, daga gefe take farawa, yawanci ba zafi ba ja, kuma tana bin jini. Ganin da ta ɗauke ba ya dawowa, amma idan an gano ta da wuri, maganin ɗigawa ko aiki na iya tare ta. Ban ce ita ce ta kama shi ba, yanar ido ma na makantarwa, amma wannan tarihi ya isa dalilin zuwa asibiti.

Don haka kada a tsaya a karanta haruffan allo kawai. Ki ce a auna ƙarfin ruwan idonki, a kuma duba can cikinsa, a ga jijiyar. Duk inda ba sa yin waɗannan biyu, tabarau suke sayarwa. Shagon ƙawarki ma da wannan za ki auna shi. Sau da yawa gwajin kyauta kuɗinsa na cikin firam. Ki tambaya ko mai dubawar likitan ido ne ko ƙwararren mai awon gani da ke da rajista. Mai yanka gilashi aikinsa daban ne.

A Kano kina da asibitin ido na ECWA, da na Makkah, da sashen ido na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Idan abin ya yi tsanani akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ki yi sammako, layi ba ya kaɗan.

Ki tafi da tabaran naki da duk maganin da kike sha, ki faɗa musu idan kina da ciwon suga ko hawan jini. Za su iya ɗiga miki maganin da ke buɗe ƙwayar ido, gani ya dushe na wasu awanni, saboda haka ki samu ɗan rakiya, ki kuma haƙura da keken ɗinki ranar. Kafin nan kada ki sayi maganin ɗigawa a kemis, wasunsu na ƙara ƙarfin ruwan ido. 'Yan'uwanki da kuke uba ɗaya ma, ki sanar da su su je a duba su.