Motsin Jiragen Yaƙi a Matsayin Ishara: Nazari a kan Balin, Kyuba da Tsibiran Fokland

Gabatarwa

Masu nazarin ma'ana sun daɗe da yarda cewa ba da baki kaɗai ɗan Adam yake magana ba. Akwai ƙifta ido, akwai zunɗe, akwai gyaran murya, akwai kuma abin da ake kira hannunka-mai-sanda, watau a ja kunnen mutum ba tare da an kama sunansa ba. Manyan ƙasashen duniya ma suna da irin nasu, sai dai su da jiragen yaƙi na ruwa da na sama suke yi. Idan ƙasa ta ɗauko jirgin ruwa mai dakon jiragen sama ta girke shi daura da gaɓar abokiyar gabarta, to, ta yi magana ke nan, ko da jakadanta bai ce uffan ba. Wannan maƙala za ta duba yadda ake karanta irin wannan magana, da kuma inda karatun yakan ɓace, ta hanyar rikici uku: na Balin a 1948, da na Kyuba a 1962, da na tsibiran Fokland a 1982.

Kafin a shiga misalai ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa jiragen ruwa da na sama suka fi sojan ƙasa dacewa da wannan aiki. Sojan ƙasa da zarar ya tsallake iyaka, yaƙi ya tashi, babu sauran musu. Jirgin ruwa kuwa yana iya tsayawa makonni a tsakiyar teku, inda ba mallakar kowa ba ne, yau ya matso, gobe ya ja da baya, ba tare da ya keta haddin kowa ba. Jirgin sama shi kuma yana da sauri, cikin yini guda ya isa inda jirgin ruwa zai yi mako biyu bai kai ba. Saboda haka shugaba yana iya ɗaga murya ko ya sassauta da su gwargwadon buƙatarsa.

Balin, 1948

A ranar 24 ga Yuni 1948 Tarayyar Sobiyet ta datse hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa masu shiga yammacin birnin Balin. Amurka da Ingila suka shiga jigilar abinci da kwal ta sama. A watan Yuli kuma sai Amurka ta aika da jiragen B-29 kimanin 60 zuwa filayen jiragen sama na Ingila, ba kuwa a ɓoye ba. Duniya duka ta san cewa irin wannan jirgi ne ya jefa bom ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a watan Agusta na 1945, kuma a wannan lokaci Sobiyet ba ta mallaki irin wannan bom ba tukuna, sai a 1949. Ma'anar isharar a fili take: idan aka taɓa jiragen jigila, ga abin da yake jira.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan jirage da aka aika ba a yi musu gyaran da za su iya ɗaukar bom ɗin nukiliya ba. Sunan jirgin ne ya yi aiki, da abin da mutane suka riga suka sani game da shi. Sobiyet dai ba ta harbo jirgin jigila ko ɗaya ba, ta kuma buɗe hanyoyin a ranar 12 ga Mayu 1949. Ba daidai ba ne a ɗora wannan sakamako a kan B-29 kaɗai, domin nasarar jigilar kanta ita ce ta fi karya lagon datsewar. Amma misalin ya isa ya nuna cewa nauyin ishara yana cikin tunanin wanda aka yi wa ita.

Kyuba, 1962

Rikicin Kyuba shi ne inda aka fi tsara wannan harshe daki-daki, shi ya sa za a ɗan daɗe a kansa. A ranar 14 ga Oktoba 1962 jirgin leƙen asiri na Amurka samfurin U-2 ya ɗauko hotunan wuraren da Sobiyet take kafa makamai masu linzami a Kyuba, tsibirin da bai wuce mil 90 daga jihar Filorida ba. Manyan hafsoshin Amurka sun fi son a kai hari ta sama. Shugaba Kennedy ya zaɓi a tare teku, ya kuma sanar da haka a jawabinsa na ranar 22 ga Oktoba.

Tun daga sunan da aka raɗa wa matakin aka fara isharar. A dokar ƙasa da ƙasa, yi wa ƙasa ƙawanya ta teku aikin yaƙi ne. Sai Kennedy ya guje wa wannan kalma, ya ɗauko wadda likitoci suke amfani da ita idan za a keɓe mai cuta, watau killacewa, ya kuma ce makaman kai hari kaɗai za a hana shiga. Jiragen dai su ne, bindigogin ma su ne, amma sunan ya bar wa Khrushchev ƙofar da zai bi ya fita ba tare da an ce an yaƙe shi ya yi shiru ba. Ɗalibin harshe zai ga darasi a nan game da ƙarfin zaɓen kalma.

Killacewar ta fara aiki ranar 24 ga Oktoba, a kan layin da aka shata kimanin mil 500 daga Kyuba. Duba yadda aka tafiyar da ita. Ranar 25 ga wata jirgin dakon mai na Sobiyet mai suna Bucharest ya iso, aka tambaye shi abin da ya ɗauko, aka bar shi ya wuce ba a hau shi ba. Kashegari sai aka tsayar da wani jirgi mai suna Marucla, aka hau aka bincike shi. Ba banza aka zaɓe shi ba. Marucla yana ɗauke da tutar Labanan ne, Sobiyet haya ta ɗauke shi, kuma ba a sa ran samun makami a cikinsa. Da wannan aka nuna cewa killacewar ta gaske ce, ba tare da sojan Amurka ya taka jirgi mai tutar Sobiyet ba. An ruwaito cewa har gardama ta kaure tsakanin sakataren tsaro Robert McNamara da shugaban rundunar ruwa Admiral George Anderson a kan wannan batu. Shi Anderson yana ganin tare teku sana'ar sojan ruwa ce da suka gada, ba sai farar hula ya koya musu ba. McNamara kuwa yana ganin kowane motsi na jirgi saƙo ne daga Kennedy zuwa Khrushchev, don haka ba a harbi ko ɗaya sai da izini.

A sama kuma murya ta fi kauri. A ranar 24 ga Oktoba aka ɗaga shirin rundunar manyan jiragen bom zuwa matakin da yake dab da yaƙi. Jiragen B-52 ɗauke da makaman nukiliya suka riƙa shawagi dare da rana, wasu na sauka wasu na tashi, aka kuma rarraba jiragen B-47 a filaye daban-daban, har da na farar hula, don kada hari guda ya same su a tattare. Daɗin daɗawa, shugaban rundunar, Janar Thomas Power, ya yi wa mutanensa jawabi ta rediyo a buɗe, ba da zaurancen soja ba, ta yadda masu saurare na Sobiyet za su ji. A ganina rarraba jiragen ya fi jawabin nauyi. Jawabi kowa yana iya yi, ba ya cin ko kwabo. Amma tayar da runduna ɗungurungum yana cin kuɗi, yana gajiyar da matuƙa, ba a kuma iya daɗewa ana yi. Wanda ya ɗauki wannan wahala dole a ɗauki maganarsa da muhimmanci.

To, amma duk da wannan tsari, ranar Asabar 27 ga Oktoba ta nuna cewa ba kowane motsi ne shugaba yake da iko da shi ba. A ranar aka harbo wani U-2 a sararin Kyuba, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu, kuma ba Khrushchev ne ya ba da umurnin harbin ba, hafsoshinsa da suke tsibirin ne. A ranar kuma wani U-2 ya ɓace hanya ya kutsa sararin Sobiyet ta gabas mai nisa, ba da nufin Kennedy ba. Kowane ɓangare yana iya ɗaukar abin da ya faru a matsayin saƙo, alhali ba wanda ya aiko shi.

Mafi haɗari shi ne abin da ya auku a ƙarƙashin teku. Jiragen ruwan Amurka sun tsare wani jirgin Sobiyet mai nutso, B-59, suna jefa masa ƙananan bama-bamai na atisaye, waɗanda ƙarfinsu bai wuce na gurneti ba. A wurin Amurkawa ma'anar wannan ita ce: taso sama ka bayyana kanka. Sun ma aika wa Mosko da bayanin wannan alama, amma bayanin bai isa ga jiragen masu nutso ba. Mutanen da suke ciki, ga zafi, ga ƙarancin iska, ga batir ya kusa ƙarewa, sai suka ji kamar hari ne ake kai musu. Amurkawa kuwa ba su san cewa jirgin yana ɗauke da tofido mai kan nukiliya ba. Kamar yadda wani jami'in da yake cikin jirgin ya ba da labari, wanda ya fito fili a 2002, kyaftin ɗin ya yi maganar a shirya makamin, sai wani babban jami'i, Vasili Arkhipov, ya kwantar da shi, jirgin ya taso. Alama guda ce, amma kowa da ƙamus ɗinsa.

Ranar 28 ga Oktoba Khrushchev ya sanar ta gidan rediyon Mosko cewa zai kwashe makaman. Abin da aka ɓoye wa jama'a a lokacin shi ne Amurka ta yi alkawarin janye nata makaman daga Turkiyya, ta kuma cika a 1963. Watau jiragen sun buɗe hanyar magana, amma da baki da takarda aka ƙulla sulhu.

Tsibiran Fokland, 1982

Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, in ji masu iya magana, amma wanda yake kallo daga nesa ba lalle ne ya san haka ba. Tsibiran Fokland suna kudancin tekun Atalantika, Ingila ce take riƙe da su, Ajantina kuma tana cewa nata ne, tana kiransu Malbinas. A 1977 gwamnatin James Callaghan ta taɓa aika jirgi mai nutso da wasu jiragen yaƙi biyu zuwa yankin, amma a asirce. A watan Yuni na 1981 kuwa gwamnatin Margaret Thatcher ta bayyana a fili cewa za ta janye Endurance, jirgin sintirin da yake kula da yankin, don tsimin kuɗi. A Landan lissafin baitulmali ne kawai. Gwamnatin soja ta Ajantina ta karanta shi da cewa Ingila ta gaji da tsibiran. Ranar 2 ga Afrilu 1982, a zamanin Janar Galtieri, sojojinta suka mamaye su.

Kwana uku bayan haka jiragen dakon jiragen sama biyu, Hermes da Invincible, suka tashi daga Fotsmos a gaban jama'a da 'yan jarida. Tafiyar ta kai kimanin mil 8,000, ga shi sakataren harkokin wajen Amurka Alexander Haig yana kai da komo tsakanin Landan da Buwenos Aires don neman sulhu. Kowane yini da rundunar ta matsa kudu ƙarin matsi ne ga masu tattaunawa. Tambayar da take gaban Galtieri ita ce: kurari ne ko da gaske ne?

Amsar tana cikin jiragen da ba su da kwarjini. Gwamnatin Ingila ta karɓe jiragen 'yan kasuwa da dama: jirgin fasinja Canberra aka cika shi da sojoji, wani mai suna Uganda aka mai da shi asibiti, ga jiragen dakon mai suna biye. Mai son nuna ƙwanji kawai manyan jirage yake turawa inda kyamara za ta gan su. Wanda ya tanadi gadon masu rauni da man makonni, shi ya riga ya sa wa ransa za a zub da jini. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan fage fuskar tana can baya, wajen masu dakon kaya. Ajantina ba ta janye ba. Ingila ta shata da'ira mai mil 200 kewaye da tsibiran, ranar 2 ga Mayu kuma jirginta mai nutso, Conqueror, ya nutsar da jirgin yaƙin Ajantina General Belgrano a wajen da'irar, mutum 323 suka mutu. Daga nan manyan jiragen ruwan Ajantina suka koma kusa da gaɓarsu, aka bar wa mayaƙan sama nauyin yaƙin har sojojinta suka miƙa wuya a ranar 14 ga Yuni. Ajantina ta rasa mutum 649, Ingila 255, sai mata uku daga mazauna tsibiran.