Darasi na Bakwai: Zagayawar Jini da Musayar Iska a Jikin Ɗan'adam

1.0 Gabatarwa

Zuciya da huhu suna daga cikin batutuwan da ke manhajar Bayoloji ta babbar sakandare, waɗanda hukumomin WAEC da NECO suke yin tambayoyi a kansu. Ɗalibai da dama kan tunkari batun ta hanyar haddace sunaye, sai kuma a ɗakin jarrabawa sunayen su cakuɗe musu. Dalili kuwa shi ne, jini tafiya yake yi, wanda kuma bai san hanya ba, sunayen zango ba za su amfane shi ba. Saboda haka, a wannan darasi za mu bi ɗigon jini guda tun daga shigarsa zuciya har dawowarsa, mu ga inda yake sauke wata iska ya ɗauki wata.

2.0 Kalmomin Darasi

Kafin mu kama hanya, ya kamata mu daidaita kalmomi. Bahaushe kan kira duk wani zare-zare da ke cikin nama jijiya, ko ta jini ce, ko mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, ko mai ɗaure tsoka da ƙashi. A nan jijiyoyin jini kawai muke nufi, kuma iri uku ne:

(a) Jijiya mai fita, wato ateri, ita ce mai ɗaukar jini daga zuciya. Bangonta yana da kauri, domin jinin da ƙarfi yake bi ta cikinta.

(b) Jijiya mai dawowa, wato bein, ita ce mai maido da jini zuciya. Bangonta bai kai na farko kauri ba, kuma da yawansu suna da ƙyamare masu hana jini komawa baya.

(c) Siraran jijiyoyi, wato kafilari, su ne ke haɗa biyun. Kaurin bangonsu ƙwayar halitta ɗaya ce tak, kuma a nan ne ake yin musaya.

A lura da kyau: inda jini ya nufa shi ne ke bambanta jijiya mai fita da mai dawowa, ba irin iskar da ke cikinsa ba.

3.0 Tsarin Zuciya

Zuciya tsoka ce da girmanta ya yi kusan dunƙulen hannun mai ita. Tana da sassa huɗu. Na sama biyu, waɗanda ake kira atiriyam, su ne ke karɓar jini, don haka za mu kira su zaure. Asalin kalmar ma a Latin sunan farfajiyar da ake fara shiga ne a cikin gida. Na ƙasa biyu, wato bentirikul, su ne ke tura jini waje, za mu kira su ɗaki. Akwai bango a tsakiya da ya raba dama da hagu, ta yadda jinin ɓangarorin biyu ba ya gauraya. Tsakanin kowane zaure da ɗakinsa akwai ƙyaure mai buɗewa gefe ɗaya: na dama mai fiffike uku, na hagu mai fiffike biyu. Rufewar ƙyamaren zuciya ita ce sautin da likita yake saurare a ƙirji.

4.0 Hanyar Jini

Mu ɗauki ɗigon jini da ya gama aiki a yatsar ƙafa, oksijin ɗinsa ya ragu. Ga hanyarsa:

1. Yana hawowa ta jijiyoyi masu dawowa har zuwa babbar jijiyar nan, bena kaba, wadda take zuba shi a zauren dama.
2. Daga zauren dama ya sauka ɗakin dama.
3. Ɗakin dama ya tura shi zuwa huhu ta jijiya mai fita ta huhu.
4. A huhu ya sauke kabon dayoksaid, ya ɗauki oksijin.
5. Ya dawo zauren hagu ta jijiyoyi masu dawowa na huhu, waɗanda guda huɗu ne.
6. Ya sauka ɗakin hagu, shi kuma ya harba shi cikin ayota, mafi girman jijiyoyi masu fita, zuwa sassan jiki.

Ke nan jini yakan ratsa zuciya sau biyu a zagaye guda: ƙaramin zagaye tsakanin zuciya da huhu, da babban zagaye tsakanin zuciya da sauran jiki. Kifi kuwa, da yake zuciyarsa sassa biyu gare ta, sau ɗaya jini ke ratsa ta. Wannan hanya ce ta bayyana abin da ya sa bangon ɗakin hagu ya ninka na dama kauri kusan sau uku: na dama maƙwabci yake aika wa, na hagu kuwa har tafin ƙafa. Zuciyar baligi da ke hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda, tana tura kimanin lita 5 na jini, wato kusan dukkan jinin da ke jikinsa.

Ba a rana ɗaya aka gano wannan hanya ba. Ibnun Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira, ya kuma rasu a 1288, ya bayyana cewa jini ta huhu yake bi daga dama zuwa hagu, ba ya ratsa bangon tsakiya. William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen gaba ɗaya a 1628. Sai a 1661 Malpighi na Italiya ya ga siraran jijiyoyi a huhun kwaɗo da madubin ƙara girma.

5.0 Musayar Iska

Idan muka ja numfashi, tantanin tsoka da ya raba ƙirji da ciki yakan yi ƙasa, haƙarƙari ya ɗaga, ƙirji ya ƙara faɗi, sai iska ta shiga. Takan bi ta hanci da maƙogwaro, ta rabu biyu zuwa huhun dama da na hagu, ta yi ta rassa har ta ƙare a 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ake kira albiyolai. Yawansu ya kai miliyoyi ɗari-ɗari, kuma kowace siraran jijiyoyi sun nannaɗe ta.

Musayar tana faruwa ne ta hanyar bazuwa, wato tashin abu daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kamar yadda ƙamshin turaren wuta yake cika ɗaki ba tare da an yi masa fifita ba. Oksijin ya fi yawa a jakar iska, sai ya ratsa zuwa jini, inda himogulobin na jajayen ƙwayoyi yake kama shi. Kabon dayoksaid ya fi yawa a jini, sai ya ratsa zuwa jakar. Abubuwa huɗu ne suka sa jakunkunan suka dace da aikin: yalwar fili, da sirantar bango, da danshi, da wadatar jini. A iskar da muke shaƙa, oksijin kashi 21 ne cikin ɗari, kabon dayoksaid kuma kimanin 0.04. A wadda muke fitarwa, oksijin kimanin kashi 16 ne, kabon dayoksaid kimanin 4.

Wannan ilimi bai tsaya ga jarrabawa ba. Hayaƙin janareta da garwashin gawayi suna fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi balle wari, wadda himogulobin yake riƙe ta fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Shi ya sa mutum kan kwanta a rufaffen ɗaki da kaskon wuta lokacin hunturu, ya wuce cikin barci.

6.0 Kurakuran da Aka Fi Yi

Na farko shi ne cewa duk jijiya mai fita jini mai oksijin take ɗauka. Ta huhu ta saɓa wa haka, kamar yadda masu dawowa na huhu suke ɗauke da jini mai oksijin. Na biyu, a zanen zuciya, damar mai zuciyar ce take hagun mai kallo, tamkar mutumin da ke fuskantarka. Na uku, numfashi daban yake da sarrafa abinci da oksijin a cikin ƙwayoyin halitta domin samar da kuzari. Na farko hidima yake yi wa na biyu.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, mun ga cewa zuciya da huhu aiki ɗaya suke yi: kai oksijin ga ƙwayoyin jiki da kwashe kabon dayoksaid. Ɗalibin da ya iya bin ɗigon jini zango-zango, ya kuma faɗi dalilin kowane zango da bakinsa, ko ta wace fuska aka juya masa tambaya zai gane ta.

8.0 Auna Fahimta

1. Zana zuciya ba tare da duba littafi ba, ka nuna hanyar jini da kibiyoyi.
2. Me ya sa bangon ɗakin hagu ya fi na dama kauri?
3. Kawo siffofi huɗu da suka sa jakunkunan iska suka dace da musaya.
4. Yi wa wanda bai je makaranta ba bayani, cikin jimloli biyar, a kan haɗarin kunna janareta a rufaffen ɗaki.