Wane Yaro Ya Cancanci Ƙarin Aji?

'Yan'uwana ɗalibai masu shirin fita koyarwa, akwai wani aiki da ke jiran ko wannenku a ƙarshen zango na uku, watau yanke shawarar yaron da zai wuce aji na gaba da wanda zai maimaita. Aiki ne na rana guda, amma sakamakonsa ya kan bi yaro har girmansa. Sabo da haka na ga ya kamata mu tattauna ma'aunin da za a riƙe, musamman ga waɗanda za a tura ƙasar Machina da Nguru da Gashuwa.

A zamanin En'e, sa'ad da garuruwan nan su ke cikin Lardin Barno, elementare aji huɗu ce, daga nan sai a zaɓi 'yan kaɗan da jarrabawa su tafi Midil. Da aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka cika azuzuwa, har a wurare da yawa aka shiga tura aji gaba ɗungum. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta zo da tsarin auna yaro a kai a kai cikin shekara, dokar 2004 kuwa ta wajabta wa ko wane yaro karatun shekara tara kyauta. Ashe ke nan yau ba tankaɗe mu ke yi don a zubar da tsaki ba. Tambayar ɗaya ce: yaron nan zai iya ɗaukar aikin ajin da za a kai shi?

Amsar tana nan kusa da mu, a makarantar allo. Alaramma ba ya barin almajiri ya wanke allonsa sai ya biya abin da ke kai daidai, ba ya kuma kai shi farfaru bai san babbaƙu ba. Ba ya duban tsawon yaro ko rigar ubansa. To, ga abubuwa huɗu da ni ke ganin ya kamata mu duba.

Na fari, karatu. Wannan shi ne tushe, don wanda bai iya karatu ba, ko wane darasi a kulle ya ke gare shi. Kada ka dogara ga karatun taro, inda aji duka ke bin bakin malami, gama yaro ya kan haddace shafi sarai bai san harafi ɗaya ba. Kira shi shi kaɗai, ka ba shi layi biyar da bai taɓa gani ba, in ya gama ka tambaye shi abin da labarin ya ce. Ka tuna kuma yaron Machina wataƙila Manganci a ke yi a gidansu, na Gashuwa Badanci, na ruga Fulatanci. Hausa ma koyonta ya yi, balle Turanci. In ya kasa amsawa, sāke tambayar da harshen da ya ke ji, don ka rabe tsakanin rashin ganewa da rashin harshe.

Na biyu, lissafi. Mai barin aji ɗaya ya san ƙidaya da rubuta alƙaluma. Mai barin aji biyu ya iya tarawa da ɗebewa. Mai barin aji uku ya san sau da rabawa masu sauƙi. Gwada shi da abin da ya sani: an sayi mudu 3 na gero, ko wane mudu kaza, nawa ne canji? Yaro da yawa da ke tsuru-tsuru a gaban allo, in ka kawo masa lissafin kasuwa sai ka ga ya ba ka mamaki.

Na uku, aikin shekara duka. Jarrabawar ƙarshe awo ɗaya ce, yaro kuwa ya kan tashi da zazzaɓi ran da za a yi ta. A ce wani ya sami 38, wani 41, an kuwa ja layi a 40. Maki ukun nan ba su isa su raba su shekara guda ba. Buɗe littattafan aikinsu da sakamakon gwaje-gwajen zango uku, ka ga wa ke hawa, wa ke sauka. Matsayi a aji kuwa, na ɗaya ko na talatin, ba ma'auni ba ne, don na ɗaya a raunanan aji yana iya zama bai iya karatu ba.

Na huɗu, rajista. A ƙasar nan yara su kan yi fashi lokacin shuka da girbin gero, wasu su bi dabbobi kiwo, wasu su tafi su a fadamun Haɗeja da Nguru, wani lokaci kuma ambaliya ta yanke hanya. Rajista ba bulala ba ce, madubi ce. In yaro ya yi fashin wata biyu amma ya cim ma 'yan'uwansa, a bar shi ya wuce. In ya zo kullum bai koyi kome ba, to, sai malami ya binciki idon yaron da kunnensa, ya kuma dubi irin koyarwarsa.

Saura maganar maimaita aji. Ku sani ba magani ba ce ita kaɗai. Yaron da aka zaunar cikin ƙannensa ya kan ji kunya ya gudu, yarinya kuwa shekara guda da ta rasa tana iya zama ita ce ƙarshen karatunta. Tura kowa gaba ma ba ta fisshe mu ba. Ƙasar Indiya ta hana maimaita aji har zuwa aji takwas da dokarta ta 2009, amma a 2019 ta gyara dokar, ta yarda a sāke wa yaro jarrabawa bayan an ƙara masa darasi, in ya kuma faɗi a iya tsai da shi a aji biyar ko takwas.

Shawarata ita ce kada ka jira ƙarshen shekara. Tun zango na fari ka ware waɗanda ke baya, ka ba su rabin sa'a kullum a kan haruffa da ƙidaya, ka sanad da hedimasta, ka kuma je wurin iyaye da kanka. In duk da haka ya zama dole yaro ya maimaita, rubuta abin da ya gaza a kai filla-filla, ka miƙa wa malamin da zai karɓe shi. In wani babba ya aiko a wuce da ɗansa, karɓi saƙon da ladabi, ka nuna masa littafin yaron, ka bayyana masa cewa kai shi ajin da ba zai gane kome ba cutarsa ne.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan jama'a, amin.