Idan Faifan Ajiya Ya Yi Shiru: Darasi Daga Kan Iyakar Jibiya

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san jerin manyan motocin da kan tsaya a Magamar Jibiya suna jiran a tantance takardunsu. Tun da aka sake buɗe wannan iyaka a watan Maris na 2024, aikin ya dogara ƙwarai ga na'ura mai ƙwaƙwalwa. To, mene ne ke faruwa a cikinta sa'ad da ta sandare, ma'aikaci ya ce "ta tsaya"?

Sau da yawa laifin na faifan ajiya ne. Wannan faifai yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, wani ɗan tsinke kuma yana shawagi a kansa yana karanta bayanai. Babbar manhajar da ke sarrafa na'urar takan aika masa umurni, sannan ta soma ƙidaya. A Linux wa'adin daƙiƙa 30 ne. Idan lokacin ya cika ba amsa, sai ta soke umurnin. In shirun ya ci gaba, ta farfaɗo da faifan. In ya ƙi, ta farfaɗo da layin da ya haɗa su, daga nan sai allon da ke kula da layin. Sai duk waɗannan sun gaza take cire faifan daga aiki.

Ɗaliban ilimin halittu ba za su ga baƙon abu a nan ba. Idan ƙullin da ke kaɗa zuciya ya yi shiru, ƙulli na biyu da ke ƙasa da shi yakan ɗan jira, sannan ya karɓi ragama da bugu 40 zuwa 60 a minti. Jira na ƙayyadadden lokaci, sannan mataki: dabarar ɗaya ce.

Sai dai akwai tarko. Faifan da aka ƙera domin amfanin gida, idan ya ci karo da gurbin da ya lalace, yakan nace da karanta shi har fiye da minti ɗaya. Manhaja kuwa ta yanke ƙauna tun a daƙiƙa 30, ta farfaɗo da shi kafin ya faɗi inda ciwon yake. Haka za a yi ta zagaye, gurbin bai gyaru ba, faifan da sauransa kuma ana yi masa kallon matacce. Maganin shi ne a tsawaita wa'adin zuwa kamar daƙiƙa 180, ko a umurci faifan, in yana da wannan damar, ya haƙura bayan daƙiƙa 7 ya kawo rahoto.

A wuri irin Jibiya, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta toshe fanka, sai a fara duba abubuwa masu araha: wayar da ta kwance, wutar janareta mai hawa da sauka, da zafin faifan. Bayan haka a karanta kundin da manhaja ke rubuta kurakurai, da rahoton lafiyar faifai mai suna SMART. Idan adadin guraben da aka sauya yana ƙaruwa, faifan yana kan hanyarsa. A ganina babban kuskure shi ne zare wuta don haushi, domin bayanin da ke tsakiyar rubutuwa na iya salwanta. A kwafe takardun zuwa wani faifan tukuna, kafin a taɓa ko da dunƙule ɗaya.