Kafin a Cire "Indomie" Daga Salansar Mota

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi direbobin haya, da masu ɗaukar albasa daga Aliero, da kwamitocin da ke lura da motar ikilisiya. Idan mota ta rage ƙarfi, sau da yawa bakanike yakan ce indomie ya toshe, a cire shi mota ta sha iska. Wani ma yakan ce zai saye shi, ya rage maka kuɗin aiki. Kafin ka amsa, ya kamata ka san abin da za a cire.

Mene ne shi?

Sunansa katalis. Wani gwangwani ne a jikin salansa, kusa da injin. A cikinsa akwai abu mai ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma, shi ya sa aka yi masa laƙabi da sunan taliya. An shafe ƙofofin da ma'adinai masu tsada guda 3: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa su, sai mafi yawan gubar da ke cikinsa ta koma iska mai ƙarancin illa. An soma sa shi a motocin Amurka a 1975. A 2021 farashin rodiyam ya ninka na zinariya fiye da sau 10. To, ka ga dalilin da ya sa 'yan gwangwan ke nemansa ido rufe.

Tsofaffin motoci masu kafireto, irin Peugeot 504 da muka saba da ita, ba wannan zancen a kansu. Amma Golf, Sharan, Corolla da Sienna 'yan Beljiyam galibi da shi aka ƙera su.

Sensa biyu, aiki biyu

Nan ne ake yawan ruɗewa. A jikin salansa akwai wani ɗan abu kamar fulogi mai waya. Shi ne sensa. Aikinsa ya shinshina hayaƙi, ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan iskar oksijin da ta rage a ciki.

Sensa na gaba yana tsakanin injin da katalis. Da labarinsa ƙwaƙwalwar ke auna fetur, domin injin yana son wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Na baya kuwa yana bayan katalis, shi ne mai duba ko katalis yana aiki. Motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da na bayan. Waɗanda suka girme su galibi na gaba kaɗai gare su.

Idan aka cire katalis, sensa na baya sai ya ji hayaƙi iri ɗaya da na gaba. Ƙwaƙwalwar ta gane ba a tace kome ba, ta kunna fitilar nan mai hoton injin a gaban direba. Idan an sa wa motar kwamfuta, lambar da takan fito ita ce P0420. Motar za ta ci gaba da tafiya, gaskiya ne. Amma fitilar za ta zauna a kunne, ran da wata matsala ta gaske ta taso kuma ba abin da zai sanar da kai. Masu liƙe ta da baƙin tef ko cire ƙwanta, sun rufe bakin mai gadi ne kawai.

Babbar asara tana zuwa daga yadda ake aikin. Mai walda yakan ƙone wayar sensa na gaba, ko ya yar da shi ya toshe ramin, ko ya bar kafa inda ya haɗa bututun. Idan iskar waje ta shiga ta kafar, sensa ya yi wa ƙwaƙwalwa ƙarya cewa fetur ya yi kaɗan, ita kuwa ta ƙara zubawa. Idan babu sensan gaba ɗaya, sai ta koma aiki da ƙiyasi. Sakamakon ɗaya ne: shan mai, baƙin fulogi, baƙin hayaƙi. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya san zafin lita ɗaya. A ganina, kuɗin da aka ba ka na indomie, gidan mai ne zai karɓe shi kaɗan kaɗan tsakanin Maiyama da Jega.

Akwai kuma zancen rai. Cikin gubar da katalis ke ragewa akwai kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ko launi. Tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma kisa. Mota guda ce ke kai mai naƙuda daga Dangamaji zuwa asibiti da dare, gilasai a rufe saboda sanyin hunturu. Idan walda ta buɗe a ƙarƙashin kujera, cikin motar hayaƙin zai shiga.

Idan da gaske ya toshe fa?

Yana toshewa, ba musu. Alamarsa mota ta kasa hawan tudu da kaya, ko ka ji ƙwaras-ƙwaras a ciki idan ya farfashe. Amma ba ya mutuwa haka kawai. Fulogi da ba ya ƙona mai sosai, injin mai shan baƙin mai, da gurɓataccen fetur su ne ke kashe shi. Idan ba a gyara waɗannan ba, sensan ma zai bi bayansa.

Saboda haka a sa wa mota kwamfuta tukuna kafin a ɗauko zarto. Idan ya zama dole a cire, kuma babu halin sayen wani yanzu, tsaya a wurin da kanka. Ka ga an kwance sensa kafin a kunna wuta, an mayar da shi da wayarsa, an kuma toshe kowace kafa. Abin da aka ciro naka ne, ka karɓa. Idan motar ikilisiya ce, a rubuta shi a littafin ma'aji.

Mai shirin sayen mota kuma ya sa a duba masa ƙarƙashinta, domin akan kwashe cikin gwangwanin a mayar da shi fanko. Da aka murɗa makulli, fitilar injin ta kama, sannan ta mutu bayan mota ta tashi. Idan ba ta kama ko kaɗan ba, ka tambayi mai sayarwa ina ƙwanta yake.