'Yan Matan da Ba Su Shiga Makaranta Ba: Abin da Lissafin Gaba Yake Nunawa

A ƙidayar jama'a ta 1963 an sami mutum miliyan 55 da 'yan kai a Nijeriya. A ta 1991 an sami kusan miliyan 89, a ta 2006 kuwa miliyan 140. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa yanzu jama'ar ƙasar nan ta haura miliyan 200, kuma kafin shekarar 2050 za ta wuce miliyan 350. A cikin wannan ɗimbin jama'a akwai wani rukuni da masu tsara al'amuran ƙasa suke sa wa ido ƙwarai, watau 'yan mata da matan aure masu ƙananan shekaru waɗanda ba su taɓa shiga aji ba.

Yadda Ake Yin Lissafin

Kada mai karatu ya zaci duba ake yi. Aikin lissafi ne kawai, kuma hanyarsa a fili take. Ana raba jama'a gida gida bisa ga shekarunsu, daga haihuwa zuwa shekara 4, daga 5 zuwa 9, haka haka har tsofaffi, maza daban mata daban. Sa'an nan a tura kowane gida gaba da shekara biyar, a ɗebe waɗanda ake zaton za su rasu, a ƙara jariran da ake zaton za a haifa, a kuma lissafa masu ƙaura. Idan aka maimaita wannan sau shida, an kai shekara talatin gaba ke nan.

Masana na Cibiyar Wittgenstein da ke Biyana a ƙasar Austiriya, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Wolfgang Lutz, sun ƙara wani abu a kan wannan hanya. Ban da shekaru da jinsi, suna raba mutane bisa ga zurfin karatunsu, tun daga wanda bai shiga makaranta ba har zuwa wanda ya wuce sakandare. Dalilinsu mai sauƙi ne. Galibi kafin mutum ya cika shekara ashirin an riga an san matsayin karatunsa, kuma da shi zai tsufa. Yarinyar da ta kai goma sha biyar ba ta shiga firamare ba, da wuya ta shiga daga baya, sai fa in ta dace da ajin yaƙi da jahilci.

Saboda haka rabin amsar tana hannu tun yanzu. Macen da za ta cika shekara ashirin a 2040 an haife ta a 2020, kuma 2026 ce shekararta ta shiga aji ɗaya. Abin da iyayenta suka yanke a wannan shekara shi ne abin da za a karanta a lissafin 2040.

Kashi Yana Raguwa, Yawa Yana Ƙaruwa

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa mata 35 daga cikin ɗari, masu shekara 15 zuwa 49, ba su yi karatun boko ba ko kaɗan. A cikin ƙananan mata kashin bai kai na iyayensu ba, kuma wannan abin murna ne. Amma fa raguwar kashi ba lalle ta zama raguwar yawa ba.

Ga misali don a gane. A ce wata ƙasa tana da 'yan mata miliyan 10, kuma 35 cikin ɗari ba su yi makaranta ba. Miliyan uku da rabi ke nan. Bayan shekara talatin 'yan matan sun ninka sun zama miliyan 20, gwamnati kuma ta yi ƙoƙari har kashin ya sauko zuwa 20 cikin ɗari. Idan aka buga lissafi, marasa karatu sun zama miliyan huɗu. An gina azuzuwa, an ɗauki malamai, amma haihuwa ta riga gini gudu.

Akwai kuma wani abu da yake ƙara wa al'amarin nauyi. Binciken 2018 ya nuna macen da ba ta yi makaranta ba tana haihuwar 'ya'ya kusan bakwai a rayuwarta, wadda ta wuce sakandare kuwa tsakanin uku da huɗu. A cikin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 da ba su yi karatu ba, fiye da 40 cikin ɗari sun riga sun haihu ko suna da ciki. Ma'anar wannan ita ce, yara masu yawa na gobe za su tashi a gidajen da uwa ba ta iya karanta katin asibiti ba, kuma irin waɗannan yara su ne suka fi zama a gida ba makaranta. Mutuwar yara ƙanana ma ta fi yawa a nan: wajen 170 cikin dubu suna rasuwa kafin su cika shekara biyar, alhali a wajen matan da suka yi ilmi mai zurfi adadin bai kai 60 ba.

Don haka masana ba sa ba da amsa guda. Sukan yi lissafi a kan cewa shigar yara makaranta za ta tsaya inda take, su yi wani a kan cewa za ta ci gaba da saurin da aka saba, su kuma yi wani a kan cewa za ta yi sauri ƙwarai. A shekaru goma na farko amsoshin kusan ɗaya ne. Sai bayan 'yan matan yau sun zama iyaye ne tazarar take buɗewa.

Abin da Doka Ta Tanada

An fara shirin ilmin firamare kyauta, watau UPE, a watan Satumba na 1976. An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka kafa dokarsa a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, mace ko namiji. Uba ko mai riƙon da ya ƙi kai ɗansa, karo na farko za a ja masa kunne, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda.

Duk da haka Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana ƙiyasta cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, akasarinsu a jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas. Yarinya mai karatun allo ko Islamiyya zalla takan faɗa cikin wannan adadi ko da ta sauke Alƙur'ani, domin takardun ƙidaya ajin boko suke tambaya.

Ingancin kowane irin lissafin gaba ya dogara ne a kan ƙidaya da rajistar haihuwa. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Rajistar haihuwa kuwa ana yin ta a ofisoshin Hukumar Ƙidaya da ke ƙananan hukumomi da asibitoci da dama, kuma da wannan takarda ce hedimasta zai san shekarun yarinya ranar da aka kawo ta a rubuta sunanta.